Tauraron Barnard: sau biyu ana shelar duniyarsa, sau biyu ana rushe maganar

A shekarar 1916 wani masanin taurari Ba'amurke, Edward Emerson Barnard, ya gwama tsofaffin hotunan sama da sababbi, ya lura da wani ɗan jan tauraro da ke canja wuri fiye da kowane tauraro da aka sani. Cikin kimanin shekara 180 yakan matsa da faɗin farin wata. Ido ba ya ganinsa sai da na'urar hangen nesa, duk da cewa haskensa shekara 6 kacal yake yi kafin ya iso gare mu, domin yana cikin ƙananan jajayen taurari masu dusasshen haske. In aka cire taurari uku na Alfa Sentauri, babu wanda ya fi shi kusa da rana. Ina ganin duniyoyi huɗu da aka tabbatar a kewayensa a 2025 sun cancanci a yarda da su, kuma hujjata tana cikin kurakuran da suka gabace su.

Peter van de Kamp, shugaban ɗakin duba taurari na Sproul a jihar Fensilbaniya, ya shafe shekaru tun 1938 yana tara dubban hotunan tauraron. A 1963 ya sanar cewa tauraron yana tangaɗi a tafiyarsa, alamar wata duniya da ta ɗara Mushtari nauyi tana jansa. A 1969 ya ce duniyoyin biyu ne. Maganar ta shiga littattafai, ɗalibai suka haddace. Sai a 1973 George Gatewood da Heinrich Eichhorn suka auna da hotunan wasu na'urori, ba su ga tangaɗin ba. A shekarar ce kuma John Hershey ya gano cewa wani tauraro dabam da aka ɗauka da na'urar Sproul yana nuna irin wannan motsin, daidai lokutan da aka taɓa gilashin na'urar a 1949 da 1957. Ashe na'urar ce ta motsa. Van de Kamp bai janye ba har ya rasu a 1995, kuma abin da tausayi, domin mutumin ba maƙaryaci ba ne, ya dai dogara da ido ɗaya. A 2018 aka sake shela: ayarin Ignasi Ribas ya ce akwai duniya mai zagaye cikin kwana 233. Bayan shekara uku aka nuna cewa tabon jikin tauraron da jujjuyawarsa ne suka haifar da alamar.

Mai shakka zai ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An yi kuskure sau biyu, don me za a yarda a karo na uku? Tambayar tana kan hanya. Amma a duba abin da ya rusa iƙirarin Van de Kamp: na'ura ta biyu ce a hannun mutanen da ba su da hannu a sanarwar. Wannan jarrabawar ce sabon binciken ya riga ya ci. A Oktoban 2024 ayarin Jonay González Hernández, da na'urar ESPRESSO a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ya tabbatar da duniya ɗaya mai zagaye cikin kwana 3.15, ya kuma ce akwai alamun wasu uku. A Maris 2025 Ritvik Basant da abokan aikinsa na Jami'ar Chicago suka fito da sakamakon na'urar MAROON-X da ke tsibirin Hawayi. Sun ga uku daga ciki da ma'auninsu kaɗai, ta huɗun ta fito da aka haɗa bayanan na'urorin biyu. Na'urorin biyu ba masana'anta ɗaya ba, ba nahiya ɗaya ba, ba sa'o'in dare ɗaya ba, don haka da wuya aibi ɗaya ya ruɗe su tare. Kuma zagayen kwana 2 zuwa 7 yana maimaita kansa ɗaruruwan lokuta cikin 'yan shekaru, ga shi ya yi nesa da jujjuyawar tauraron, wadda ke ɗaukar watanni.

Wani kuma zai ce, ina amfanin duniyoyin da ba a rayuwa a kansu? Gaskiya ne sun yi kusa da tauraron ƙwarai, zafin wadda aka fara tabbatarwa ya kai kimanin digiri 125. Amma mafi ƙarancin nauyinsu tsakanin kashi ɗaya cikin biyar ne zuwa sulusin na duniyarmu, kuma jan da kowace take yi wa tauraron bai wuce rabin mita a daƙiƙa ba. Iya auna motsi ƙarami haka daga wannan nisa shi ne matakin da ake buƙata kafin a kama duniya irin tamu a kewayen tauraro irin rana, domin motsin da duniyarmu take sa rana ta yi santimita 9 ne kacal a daƙiƙa.