Bonet Mai Santsi: Yadda Samarin Amurka Suka Goge Sunan Kamfani Daga Goshin Akori-kura

Hirarmu ta yau a kan bonet ce, wato murfin injin mota. Idan kuna kallon hotunan tsofaffin akori-kura na Amurka da aka yi wa kwaskwarima, za ku ga bonet ɗinsu sumul kamar ƙwai, ba tambari, ba suna. To ba haka suka fito daga kamfani ba. Wani ne ya zauna da wuta da guduma ya mai da su haka.

Abin ya samo asali ne a jihar Kalifoniya. Tun ƙarshen shekarun 1930 akwai wani gwanin ƙarfe a birnin Sakramento mai suna Harry Westergard, wanda ke ɗaukar motocin talakawa, Ford da Chevrolet, ya sake musu kama. Cikin yaran da ke zuwa kallon aikinsa har da George Barris, wanda daga baya shi da yayansa Sam suka buɗe shahararren gareji a yankin Los Anjeles. A 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula a Amurka saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ba a ci gaba ba sai 1945. Samari suka dawo daga yaƙi da ɗan kuɗi a aljihu, wasu sun koyi walda, ga sabuwar mota ta yi wuyar samu. Sai kowa ya koma kan tsohuwar da ke hannunsa.

Me ya sa bonet? Saboda nan ne kamfani ke manna sunansa. Da ka cire tambarin ka toshe ramukan, mai kallo zai daina karanta suna, ya fara kallon surar motar da hannun wanda ya gyara ta. Kalmar da suke kiran aikin da ita ma'anarta aski.

Amma fa askin nan akwai wuya. Ɗauki akori-kurar Chevrolet ta 1947 zuwa 1955. Bonet ɗinta ɓari biyu ne da aka haɗa a tsakiya, da siririn ƙarfe kwance a kan mahaɗar. Mai son santsi sai ya cire siririn, ya yi wa ɓarin biyu walda su zama ɗaya. Matsalar ita ce bonet faffaɗan ƙarfe ne mara kauri. Idan ka ja walda a tafi ɗaya, zafi zai murɗe shi ya yi tudu da kwari, kuma fenti mai sheƙi ba ya rufa wa kowa asiri. Shi ya sa gwanaye ke yin waldar ɗigo-ɗigo, nan kaɗan, can kaɗan, a jira ya huce, a bi da guduma. Mai gaggawa sai ya nemi wani bonet ɗin.

Bayan walda sai ciko, kuma a wancan zamani da dalma ake yi, yawanci kashi 70 dalma, kashi 30 kuza. A gasa ta da wuta har ta yi laushi kamar man shanu, a shafe ta da ɗan katako da aka tsoma a kitse don kada ta manne masa, sannan a goge da magagari.

Wasu ba su tsaya a nan ba. Akwai masu huda ƙananan kafofi jere-jere a saman bonet, dabarar da aka aro daga masu tsere a busassun tafkunan hamadar Kalifoniya irin su El Mirage, inda ake huda su don zafi da iskar da ta taru a ɗakin injin su fita. Ita kuwa Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956 goshinta tudu ne, sai a yanke siririn yanki daga gefunan bonet a sake haɗawa, ya kwanta ƙasa.

Da farko motocin shiga ake yi wa wannan gata, akori-kura kuwa ta gona ce da dako. Mujallu ne suka taimaka aka sauya tunani. Rod & Custom, wadda ta fara fitowa a 1953, ta ɗauki akori-kurar Chevrolet ta 1950 mallakar editanta Spencer Murray, ta riƙa nuna wa masu karatu gyaranta mataki-mataki. Sai kuma Ala Kart, akori-kurar Ford ta 1929 da aka gyara a garejin Barris, ta lashe babban kambun baje kolin Oakland a 1958, ta sake lashewa a 1959. Motar dako ta shiga sahun 'yan kwalisa ke nan.

A 1955 Bondo ya fito, cikon roba irin wanda fanel bitocinmu ke kira bodi fila. Ya fi sauƙi da arha, kuma ya raba mutane da shaƙar ƙurar dalma, gubar da muka ga irin ɓarnarta a Zamfara a 2010. Sai dai sauƙin ya buɗe wa 'yan ha'inci ƙofa: a lafta fila mai kauri a kan ƙarfen da ba a daidaita ba, bayan 'yan shekaru zafin injin da jijjiga su tsattsaga shi. Har yau masu sayen tsohuwar mota kan ɗora maganaɗisu a jikinta. Inda ya ƙi kamawa, akwai magana.

Yanzu muhawarar da ake yi ita ce: waɗannan motoci sun haura shekara 70, kuma bonet na asali da aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake. Masu adana tarihi na cewa a bar su yadda kamfani ya yi su. Masu gyara kuma na cewa gyaran shi ma ya zama tarihi, suna kafa hujja da wata Mercury ta 1951 da 'yan gidan Barris suka gyara wa Bob Hirohata, wadda aka yi gwanjonta sama da dala miliyan 2 a 2022.

To ku fa? Da za a damƙa muku Chevrolet ta 1950 da tambarinta na asali, za ku bar shi ko za ku aske? Muna jiran ra'ayoyinku.