Daga Azara Zuwa Bindigar Ƙusa: Rufin Ɗaki a Ƙasar Sabuwa

Kafin kwano ya iso ƙasarmu, rufin ɗaki ba aikin kafinta ba ne. Magini ke jera azarar giginya a kan bango, ya shimfiɗa zana, ya ɗora ƙasa, ya bar wa ruwa hanya ta indararo. Wanda ba shi da halin soro sai ya ɗaura tsaiko ya yi jinka. Babu ƙusa ko ɗaya a wannan aiki.

Jirgin ƙasa ne ya kawo mana sana'a, mu kafintoci. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma ta nan kwano da ƙusa da katakon kudu suka riƙa shigowa. Da fari sai a tasha da kantunan kamfanoni da rumbunan auduga ake ganin kwano. Garuruwa irin su Sabuwa da Ɗandume da Faskari ba su cika da shi ba sai a shekarun 1970, musamman da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka shiga gina ajujuwa ƙauye-ƙauye. A wannan zamanin iyayen gidanmu suka samu hannu, da yawansu a wajen kafintocin kudu mazauna Funtuwa da Sabon Garin Zariya.

Yadda suka koya haka suka koya mana. Yaro ba ya hawa sama da wuri. Miƙe lanƙwasassun ƙusoshi zai fara yi a kan dutse, ya shafa wa katako baƙin mai saboda gara, ya miƙa kwano. A nan ƙasa yake gane cewa maɗaci da doka suna da taurin da ke lanƙwasa ƙusa, malaina kuwa taushi gare ta. Ran da ya hau, ya riga ya san ƙusa mai hula a tudun kwano ake buga ta, don ruwa ta kwari yake bi. Ya san ana ɗaure katako da bango da langalanga, domin iskar farkon damina ba ta raga wa rufin da aka aza kawai. Guduma tana gaya wa hannu gaskiya: daga bugu biyu za ka ji ko ƙusa ta kama nama ko ta faɗa rami.

Bindigar ƙusa mai aiki da iska a Amurka ta fito, a shekarun 1950, inda ake gina gidaje da katako zalla. Mu ƙaramarta muka fara gani, a hannun masu kujerun kushin na Kano da Kaduna. Daga baya babbar ta biyo, wadda ake zuba wa ƙusoshi a naɗe, waya siririya ta haɗa su. Naɗi ɗaya yakan ɗauki ƙusa 120 zuwa 300, gwargwadon irinta. A jera katakon silin ko haɗa akwatuna da bencin makaranta, aikin yini takan cinye shi kafin azahar. Ban taɓa raina ta ba, kuma ina amfani da ita.

Sai dai ta zo mana ba tare da malami ba. Guduma shekaru ake yi ana koyonta a gaban maigida. Bindiga kuwa daga kwali sai hannun yaro, takardar bayaninta ma da harshen da ba ya karantawa. Wannan shi ne abin da ke damuna.

Ga abin da ya kamata a ce an gaya wa kowa tun ranar saye. Yawancinsu suna son iska tsakanin 70 da 120 a ma'aunin PSI, kuma iyakar kowace tana rubuce a jikinta. Injin mai faci yana iya tara iskar da ta wuce haka, don haka dole a sa abin daidaita iska mai agogo a bakin tiyo. A fara daga ƙasa, a gwada a guntun katako irin wanda za a yi aikin da shi, a riƙa ƙarawa har kan ƙusa ya zauna daidai da fuskar katako. Kafin a haɗa tiyo a ɗiga mai kaɗan na kayan aiki masu amfani da iska a mashigar iskar bindigar. Baƙin mai yana cinye robobin ciki. Da yamma a buɗe ƙasan tankin injin ruwan da ya taru ya fita, in ba haka ba tsatsa ta ci shi daga ciki. Kada kuma a kuskura a haɗa ta da tukunyar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi, fashewa suke yi a hannun mutum.

Babbar magana tana wajen kunama. Iri biyu ce. Akwai wadda sai ka danna bakin bindiga a katako sannan ka ja, ƙusa ɗaya ta fita. Akwai wadda in ka riƙe kunama, duk abin da bakin ya taɓa ta harba, ko katako ne ko cinyar abokin aiki. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun fitar da jagora a 2011 da ke cewa kimanin mutum 37,000 ke zuwa asibiti duk shekara saboda raunin wannan bindiga, kuma haɗarin kunama ta biyu ya ninka na ta farko. Can ke nan, inda asibiti ke kusa. A nan, wanda ƙusa ta shige wa ƙashi ko ido, ƙila sai an dangana da Funtuwa ko Shika, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki.

Shi ya sa a wajen aikina yaro ba ya hawa tsani da yatsa a kunama. Hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da bakin bindiga da aƙalla ƙafa guda, don ƙusa in ta gamu da wuri mai tauri takan karkace ta ɓullo ta gefe. In ta maƙale, a cire tiyo tukuna kafin a buɗe. Wani yaro ya taɓa ce mini, “Maigida, ai cire tiyon nan ɓata lokaci ne.” Na ce, “Ɗana, karɓi guduma, sai ran da ka daina ganin haka.” Tabarau kuwa wajibi ne, saboda guntayen wayar nan suna tsalle.

Akwai kuma inda ba ta da gurbi. Gajerun ƙusoshin rufi da ke zuwa a naɗe an yi su ne don rufin kwalta na Turawa, wanda ke kwance a kan falanki. Kwanonmu mai tudu da kwari, in ka harbe shi, ko ta lotsa tudun ko ta yaga shi, ɗaki ya yi yoyo tun ruwan farko. Kwano har yau na guduma ne.

Mai ma ya zama abin lissafi. A 2021, da gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, injin iska da yawa sun kwanta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai aikin ya yi yawa kafin tayar da inji ya biya kansa. Duk da haka matasa suna saye, za su kuma ci gaba. Wanda zai tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, nakan ce masa ya tambayi mai kunamar harbi ɗaya-ɗaya, ya tabbata irin ƙusarta na samuwa a kasuwa, ya kuma haɗo da tabarau biyu, nasa da na yaronsa.