Gamanar da ta ɓace: alkawarin 1999 da matan karkarar Maraɗi

Ranar 8 ga Oktoba 1999, a zamanin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke, Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, wadda masu Faransanci ke kira CEDEF, masu Turanci kuma CEDAW. An amince da ita a duniya tun 18 ga Disamba 1979, wato sai da muka yi shekara ashirin muna dubanta daga nesa. Da muka tashi shiga kuma, da togaciya muka shiga. Gwamnati ta ce ba ta ɗauki nauyin wani yanki na sashe na 2 ba, wanda ya wajabta soke al'adun da ke danne mace, ta kuma ambaci gado da sunansa. Ta toge wani yanki na sashe na 5, da na 15 a kan inda matar aure za ta zauna, da wurare uku a sashe na 16: haƙƙin miji da mata cikin aure da wajen rabuwa, shawarar yawan haihuwa da tazararta, da zaɓen sunan iyali.

Yawancin mutane, har da malaman makaranta da yawa, sun ɗauka don addini aka yi wannan togaciya. A takardar da Nijar ta ajiye a New York ba haka aka rubuta ba. Saudiyya da Masar da Muritaniya sun ambaci shari'ar Musulunci ƙarara a tasu togaciyar. Tamu al'ada kawai ta ambata: ta ce waɗannan sassa sun saɓa wa al'adun da ake kai, kuma al'ada lokaci ne da ci gaban jama'a ke sauya ta, ba umarnin hukuma ba. Wannan jimla ta cancanci a tsaya a kanta, don a ƙasar Gidan Rumji da Agye da Gazawa ana iya auna ta da abin da lokacin ya aikata.

Mu fara da tambayar wace al'ada ake nufi. A Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabon birni bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sarautar Inna tana cikin manyan sarautun fada, kuma 'yar gidan sarauta ce ke riƙe ta. A Maraɗi ta Katsinawa akwai Iya. Duka biyu suna da fada, suna da mutane, suna sasanta rigingimun mata. Can ƙauye kuma tsarin noma yana da gandu da gamana. Gandu gonar gida ce a hannun maigida, kowa ya yi aiki cikinta wasu kwanaki na mako. Gamana ita ce 'yar gonar da ake yanka wa mace ko saurayi, su noma ta a sauran kwanakin, abin da ta bayar nasu ne. Da gero da wake da gyaɗar gamana mace ke yin biki, ta sayi akuya, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta kuma rufa wa gida asiri in rumbun gandu ya ƙare kafin kaka.

Sai dai gamana aro ce, kuma aro yana da daɗi ne muddin mai abu bai matsu ba. A farkon ƙarni na 20 daji ya yi yawa. Da yaƙe-yaƙe suka lafa mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka yi ta saran daji suna kafa ƙauyuka, noman gyaɗa ya ƙara ingiza su. Kafin ƙarnin ya ƙare babu sauran dajin da za a sara a kudancin jihar. Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 200 a jihar Maraɗi, ta 2012 ta sami miliyan 3 da dubu 400. Gonar da kaka ya bari an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki. Da gona ta ƙanƙance, abin da aka fara janyewa shi ne gamanar mata.

Marthe Doka da Marie Monimart sun rubuta wannan a binciken da suka fitar a 2004 kan kudancin Nijar, inda suka duba garuruwa irin su Jiratawa ta ƙasar Madarunfa. Sun ci karo da wata kalma da mutanen wurin suka ƙirƙiro, kublen gona. Kulle na da, na matan malamai da alhazan birni ne, waɗanda mazansu ke da halin ɗauke musu noma da itace da ruwa. Wannan sabon kuwa na talaka ne: ana ce wa amarya ta huta, ba ta zuwa gona, alhali dalilin shi ne babu gonar da za a ba ta. Tana zuwa rijiya, tana zuwa itace, gona kaɗai aka kulle mata. Har an sami 'yan mata da suka tashi a ƙauye ba su iya riƙon hauya ba.

Wajen gado abin ya fi fitowa fili. Suratun Nisa'i ta yanka wa ɗiya rabonta, rabin na ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma ba ta cire gona daga cikin dukiya ba. Al'adar ƙauyukanmu ce ta ce mace ba ta gadon gona, don kar ƙasar gidan uba ta koma gidan miji. Sai 'yan'uwa maza su ce suna riƙe mata, su aika mata da dami ɗaya ko biyu da kaka, wata shekarar ma shiru. Masu binciken sun tarar matan da suka yi ƙarfin halin neman rabonsu, da hukuncin Musulunci suka nema. Ke nan togaciyar da ake zaton tana kare addini, a wannan wurin tana kare abin da ke ƙwace wa mace haƙƙin da addinin ya ba ta. Lokaci ya sauya al'ada kamar yadda gwamnati ta faɗa, amma ya sauya ta ne ta inda mace ta ƙara rasawa.

Wani zai ce takardar New York ina ruwanta da gonar Cadakwari? Akwai igiyar da ta haɗa su. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, alƙali a Nijar da al'adar masu shari'a yake hukunci a kan aure da saki da gado da gonar da ba ta da takarda. Dokar 2004 da ta maye gurbinta ta ƙara sharaɗi a sashe na 63: a bi al'ada muddin ba ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. Ƙofa ce mai faɗi. Amma tunda an toge gado tun 1999, wanda ya hana ƙanwarsa gona yana da abin fakewa. Ga kuma dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda sashenta na 4 ya ce duk 'yan Nijar daidai suke wajen samun albarkatun karkara, ba bambancin mace da namiji. Doka ɗaya ta tufka, wata ta warware.

An yi ta ƙoƙarin rufe wannan giɓi da kundin dokar iyali. Maganar ta taso tun zamanin Kunce, bayan kafa ƙungiyar matan Nijar a 1975. Matan da suka yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991, don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, sun ƙara mata ƙarfi. Amma daftarin ya faɗi a 1994 gaban adawar ƙungiyoyin addini. A Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka. A 2011, ƙarshen riƙon ƙwaryar Salu Jibo, wani daftarin ya sake mutuwa tun bai kai ko'ina ba. Masu adawa suna da abin da suka riƙe, kuma ba duka ne shaci-faɗi ba: Maputo ta halatta zubar da ciki a wasu yanayi, ta kuma fifita auren mace ɗaya. Laifin gwamnatocinmu a ganina shi ne yadda suka riƙa ɗaure komai cikin dami ɗaya, a rubuce da Faransanci, a ofisoshin Yamai. Masu adawa kuwa da Hausa suke magana, a masallaci da kaset da rediyo. Manomiyar Gangara ta ji cewa za a hana mijinta ƙara aure. Ba wanda ya zo ya gaya mata akwai maganar gonar ubanta a ciki.

Cewa umarnin hukuma ba ya sauya al'ada ma, tarihin gwamnatin kanta ya ƙaryata shi. A zaɓen 1999 mace ɗaya ta shiga majalisa cikin kujeru 83. Dokar 7 ga Yuni 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, sai ga mata 14 cikin 113 a 2004. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. A 2014 ɗin ne kuma aka ba 'yar Nijar damar ba mijinta baƙo takardar zama ɗan ƙasa. Duk da alƙalami aka yi su, sama kuma ba ta faɗo ba. Abin lura kawai, galibin masu cin moriyarsu matan birni ne masu boko.

Yanzu ga inda ya shafi malami da uba kai tsaye. Akwai sassan da Nijar ba ta toge ba ko kaɗan, ta ɗauke su ɗungurungum. Sashe na 10 ilimi ne. Sashe na 14 na matan karkara ne, ya ambaci bashin noma da daidaito wajen gyaran tsarin ƙasa. Sakin layi na biyu na sashe na 16 ya ce baiko da auren yaro ba su da tasiri a doka, a tsayar da mafi ƙarancin shekarun aure, a wajabta rubuta aure a hukumance. Nan babu uzurin togaciya. Amma kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma auren ƙauye ma ba ta kansa yake bi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin 18; a jihar Maraɗi kashi 89 ne. A shekarar ce majalisa ta mayar da daftarin dokar kare 'yan mata 'yan makaranta. Sai 5 ga Disamba 2017 aka fito da dokar shugaban ƙasa mai lamba 935 a kan tsare karatunsu, wadda ba ta taɓa shekarun aure ba.

Duk malamin da ya riƙe ajin CM2 a ƙauye ya san yadda kujerun 'yan mata ke zama fanko. An saba ɗora laifin a kan jahilcin iyaye, ni kuwa ina ganin a duba gona. Uwar da ba ta da gamana, da me za ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki? Sai ta koma ƙuli-ƙuli da fura da tuwon sayarwa, kuma tunda ita ba ta fita, yarinyar ce ke ɗaukar talla. Mai talla ba ta zama aji. Da ta fara girma kuma tsoron abin kunya ya kama iyaye, aure ya zama mafita. Maganar gado da maganar makaranta a zare ɗaya suke.

Matan yankin ba su zauna jiran Yamai ba. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Bayan yunwar 2005, lokacin da aka yi ta jin labarin mazan da suka kulle rumbu suka tafi ci-rani, shirin FIDA na ƙasar Agye ya taimaka aka kafa rumbunan tsimi da mata ke riƙe da mabuɗinsu. Da kuɗin asusu wasu ke karɓar jinginar gona ko haya, wasu har su saya. Abin da asusu ba ya iya yi shi ne tabbatar da mallaka. Wannan aikin kwamitocin ƙasa ne na gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye, waɗanda dokar karkara ta tanada don ba da shaidar saye da kyauta da gado. Gwamnatin da ke son cika alkawarinta za ta fara daga nan: duk gadon da aka raba a rubuta sunayen 'ya'ya mata da rabonsu kafin a buga hatimi. Babu malamin da zai hau mumbari ya ce wannan ya saɓa wa shari'a.

Ƙasashe biyu sun isa misali. Najeriya ta amince da yarjejeniyar tun 1985 ba tare da togaciya ko ɗaya ba, amma ba ta mayar da ita dokar cikin gida ba, majalisar dattawanta ma ta yi watsi da daftarin daidaiton jinsi a Maris 2016. Maroko, 'yan Malikiyya irinmu, ta bi ta wata hanyar: ta zaunar da malamai da masana doka suka gyara dokar iyali a 2004 da hujjoji daga cikin fiƙihu, sannan a 2011 ta janye togaciyarta kan sashe na 16. Gyaran gida ya riga takardar waje.

Kundin tsarin mulkin 2010, wanda sashensa na 22 ya ɗora wa ƙasa kawar da wariya ga mata, an dakatar da shi bayan 26 ga Yuli 2023. Nijar ta fice daga CEDEAO, wadda kotunta ce a Oktoban 2008 ta ci ƙasar tarar sefa miliyan 10 don ta kasa kare Hadizatu Mani, da aka sayar a ƙasar Ƙonni tana 'yar shekara 12. Yarjejeniyar 1999 kuwa tana nan daram, kwamitinta ya saurari wakilan Nijar a 2007 da 2017 da farkon 2024, kowane karo yana neman a janye togaciyar. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Sashe na 4 na dokar karkara bai wuce layi uku ba, sashe na 14 na yarjejeniyar bai cika shafi biyu ba. Ana iya fassara su cikin mako ɗaya, a karanta su a rediyon karkara da taron iyayen yara daga Saye Sabuwa har Gazawa, a kuma ajiye kwafi a hannun kowane maigari da ke zama wajen rabon gado.