Sha Biyu da Sulusi Biyu: Waiwaye a kan Shari'ar Zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979

A cikin wannan takarda za mu waiwayi shari'ar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na farko a tarihin Nijeriya, watau wanda aka yi ran 11 ga Agusta, 1979. Abin da muke so mu nuna shi ne, idan zaɓe ya zo kusa da kusa, kotu ba ta zama da doka da ƙuri'u kaɗai, akwai kuma ranar miƙa mulki da ke tsaye a kanta.

'Yan takara biyar ne suka tsaya. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya bi shi da 4,916,651, sa'an nan Dakta Nnamdi Azikiwe da Malam Aminu Kano da Alhaji Waziri Ibrahim. Ba a yi jayayya a kan wanda ya fi yawan ƙuri'a ba. Amma dokar zaɓe ta ƙara wani sharaɗi, cewa lalle ne mai nasara ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace jiha, cikin aƙalla sulusi biyu na jihohin tarayya. Manufar sharaɗin a fili take ga ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba: kada wani ya hau mulki da goyon bayan yankinsa kurum. Sai dai jihohin a lokacin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai.

Shagari ya sami rubu'in a jihohi 12. Inda ya fi kusa da samun ta 13 ita ce Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu. A nan Malam Aminu Kano ya kwashe fiye da kashi 76 cikin ɗari, Shagari kuwa ya tashi da ƙuri'a 243,423 daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94. Ashe ke nan kujerar shugaban ƙasa ta rataya a kan yadda za a karanta ƙuri'un Kanawa.

Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, shi ya kawo lissafin da ya shahara. Ya ce sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba. Saboda haka a jiha ta 13 ana neman rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta ne kawai. Sulusi biyu na ƙuri'un Kano shi ne 813,842, rubu'in wannan kuwa bai kai 203,461 ba. Malaman rabon gado da ke cikin zauren nan sun riga sun gane inda aka dosa: rubu'in sulusi biyu sudusi ne, kuma Shagari ya haura sudusi a Kano. Hukumar Zaɓe ta Tarayya, watau FEDECO, a ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta karɓi wannan fassara, ta bayyana Shagari a matsayin zaɓaɓɓen shugaba ran 16 ga Agusta.

Ya kamata mu tsaya a kan abin da zai faru da a ce an tsaya a kan 13. Doka ta tanadi cewa idan babu wanda ya cika sharuɗɗan, 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zaɓa tsakanin waɗanda ke kan gaba. NPN ba ta da rinjaye ita kaɗai: kujera 168 take da ita cikin 449 na Majalisar Wakilai, da 36 cikin 95 na Majalisar Dattawa. Da sauran jam'iyyun sun haɗa kai, wanda ya zo na biyu yana iya zama shugaba. Wannan ne ya sa gardamar lissafi ta zama gardamar mulki.

Awolowo ya kai ƙara kotun zaɓe ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a B. O. Kazeem, ta kori ƙarar. Ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 26 ga Satumba, alƙalai shida suka tabbatar da zaɓen, ɗaya ya ƙi. Babban Joji Atanda Fatayi-Williams ya karɓi lissafin 12 da sulusi biyu. Mai Shari'a Andrews Obaseki bai gamsu da lissafin ba, amma ya ga cewa gazawar ba ta kai ta rushe zaɓen ba. Mai Shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya tsaya a kan cewa ba a cika sharaɗin doka ba.

A ganinmu, lissafin masu rinjaye yana da rauni a wuri guda wanda ɗan firamare ma zai iya gani. An rage jimlar ƙuri'un Kano zuwa sulusi biyu, amma an bar wa Shagari ƙuri'unsa cif, kamar dai duk wanda ya zaɓe shi yana zaune ne cikin wancan sulusi biyun. Da an rage nasa da ma'auni ɗaya, da sun koma 162,282, ƙasa da abin da ake nema. To, me ya sa gogaggun alƙalai suka bi ta wannan hanya? Mu dubi kalanda. Hukuncin ya fito saura kwana biyar Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki ran 1 ga Oktoba, bayan shekara 13 ana mulkin soja. Ba mu ce alƙalan sun yi son zuciya ba. Muna cewa ne sun san rushe zaɓen yana iya jinkirta tafiyar soja, kuma da wuya a ce wannan sani bai yi nauyi a ma'auninsu ba.

Domin kada a ɗauka abin ya tsaya ga ƙasar da ke fitowa daga hannun soja, bari mu leƙa Amurka bayan shekara 21. A zaɓen 7 ga Nuwamba, 2000, nasara tsakanin George W. Bush da Al Gore ta rataya a kan Jihar Fulorida, inda tazarar da aka tabbatar ta kasance ƙuri'a 537 cikin kusan miliyan shida. Saɓanin namu, can adadin ne abin jayayya, domin a gundumomi da dama ana huda kati ne, na'urar ƙirga kuwa ba ta karanta katin da bai hudu sosai ba. Ran 8 ga Disamba Kotun Ƙolin jihar ta ba da umarni a sake ƙirga irin waɗannan katuna da hannu. Kashegari Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da aikin, ran 12 ga wata kuma alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa lokaci ya ƙure, ba za a ci gaba ba. Har ma suka rubuta cewa hukuncin nasu ya taƙaita ne ga halin da ake ciki. Gore ya amince da shan kaye ran 13.

Mu komo gida. Jihohin Nijeriya sun zama 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996, duk masu rabuwa uku daidai, ko da gangan aka yi ko dace ne. Amma sharaɗin bai daina jawo shari'a ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci Babban Birnin Tarayya tare da jihohi, shi ya sa bayan zaɓen 2023 aka yi gardama ko dole ne ɗan takara ya sami rubu'i a Abuja ita kanta. Ran 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne, ana lissafa Abuja kamar ɗaya daga cikin jihohi. A wannan karon hukuncin ya zo ne kusan wata biyar bayan an rantsar da shugaban da ake ƙara.