Kamfanin Cessna: Yadda Ƙarko Ya Zama Laifi

Kowane maƙeri burinsa a ce abin da ya ƙera yana da ƙarko. To, jama'a, ga tarihin wani kamfanin Amurka wanda ƙarkon kayansa ya kusa zama ajalinsa.

Wanda ya kafa shi, Clyde Cessna, ɗan manoma ne da ya tashi a jihar Kansas, ya kuma taɓa sana'ar sayar da motoci. A 1911 ya haɗa jirginsa na farko da katako da yadi, ya koya wa kansa tuƙi, bayan ya sha faɗuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A 1925 ya haɗa gwiwa da Walter Beech da Lloyd Stearman suka buɗe kamfanin Travel Air a garin Wichita. Zaman bai yi nisa ba, domin shi ya dage a kan jirgi mai fiffike hawa ɗaya, alhali hawa biyu ake yayi a lokacin. Sai ya ware a 1927 ya kafa nasa.

Ko gama zama bai yi ba sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, masu saye suka ɗauke ƙafa, aka rufe masana'antar. 'Ya'yan 'yar'uwarsa, watau Dwane da Dwight Wallace, su ne suka sake buɗe ta a 1934. Bayan shekara biyu Clyde ya sakar musu ragama ya koma gona, shi kuwa Dwane ya riƙe kamfanin har 1975.

A hannun Dwane ne aka fito da Cessna 172 a 1956, ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya da kujeru huɗu, mai sauƙin tuƙi ƙwarai. An ƙera fiye da 44,000, babu wani jirgi a duniya da ya kai shi yawa, kuma matuƙa da yawa da shi suka fara koyo. Irinsa ne Mathias Rust, wani saurayi Bajamushe, ya tuƙa a 1987 ya sauka a tsakiyar Mosko. A 1969 kuma aka fara gwada Citation, jirgin jet na attajirai da manyan kamfanoni, wanda ya ci sunan wani shahararren dokin sukuwa.

Ana cikin wannan daula sai masifa ta ɓullo daga kotu. Jiragen Cessna ba sa mutuwa da wuri. Wanda aka ƙera shekara talatin baya yana nan yana tashi, ya bi hannu biyar ko shida. Duk ranar da ya yi haɗari, ana iya kai ƙarar wanda ya ƙera shi a nemi diyya. Watau kowane tsohon jirgi ya zama bashi a wuyan kamfani. Kuɗin inshora ya hau, farashin sabon jirgi ya bi shi, mai saye kuwa ya ga tsoho ma ya ishe shi. A 1986 Cessna ya daina ƙera ƙananan jiragensa masu injin fistin ɗungurungum, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. Cinikin Citation na cikin abin da ya riƙe kamfanin a waɗannan shekaru.

Kamfanin Textron ya saye shi a 1992. A 1994 Shugaba Clinton ya sa hannu a wata doka wadda, ban da 'yan togaciya kaɗan, ta hana kai ƙarar maƙerin ƙaramin jirgi in jirgin ya wuce shekara 18. Sai aka gina sabuwar masana'anta a garin Independence na Kansas, aka koma ƙera 172 a 1996. A 2014 Textron ya haɗe Cessna da Beechcraft, kamfanin Walter Beech, abokan da suka rabu a 1927 suka koma inuwa ɗaya bayan ransu.

Sai dai tambayar tana nan, mai karatu: in ƙira ta tsufa ta yi ɓarna, alhakin na maƙeri ne ko na mai riƙon ta? Amurka ta yanka a shekara 18. Masu ƙira sun yi murna, amma iyalan wanda tsohon jirgi ya kashe, su ne wannan hukunci ya fi shafa.