Daga Ina Hunturu Yake Tasowa?

Ina yaro a Surko, da zarar an gama kaka an kai hatsi rumbu, sai gari ya wayi fari fat, leɓe ya tsage, kaushi ya kama ƙafa. A lokacin na ɗauka daga bayan duwatsun Birnin Kudu hunturu yake fitowa. Ashe tafiyar fiye da kilomita 1,000 yake yi kafin ya iso mana.

Ga yadda abin yake. Daga Nuwamba zuwa Maris, busasshiyar iska kan taru a saman Sahara, ta yi nauyi, ta danno ƙasa. Can kudu wajen teku kuwa nauyin bai kai haka ba. To ita iska halin ruwa gare ta, daga inda ta cunkushe take kwararowa zuwa inda ke da sarari. A hanya sai ta kurɗa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi a ƙasar Chadi, ta share kwarin Bodele. Shekaru 7,000 da suka wuce wannan kwari ƙasan wani makeken tafki ne. Farin hazon da ke rufe mana rana, har da ɓurɓushin ƙananan halittun da suka rayu a ruwansa.

Baƙi sun daɗe da lura da wannan iska. A 1781 wani likita ɗan Ingila, Matthew Dobson, ya rubuta bayaninta. A Janairun 1832 ƙurarta ta sauka a jirgin ruwan da Charles Darwin yake ciki, kusa da tsibiran Kef Bad.

Mu kuwa a jikinmu muka san ta. Manomin alkama sanyin yake roƙo, don in ɗari bai kankama ba, zangarniya ba ta cika. Amma ƙura da bushewar nan kan raunana hanci da maƙogwaro, sankarau ya samu ƙofa. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. An fara babban rigakafi a 2011, aka kawo sabuwar allura a 2024.

Ba mai iya tare iskar Sahara. Amma tunda mun san watannin zuwanta, kai yara rigakafi kafin hazo ya sauka yana hannunmu. Allah Ya kare mu, amin.