Gonakin Singur da faɗuwar 'yan kwaminisanci a Bengal ta Yamma

Shekara 34 'yan kwaminisanci suka yi suna mulkin jihar Bengal ta Yamma da ke gabashin Indiya, kuma ba da bakin bindiga ba. Sau bakwai a jere, daga 1977 zuwa 2006, jama'a suna ba su rinjaye a majalisar jihar mai kujera 294. A can ba a zaɓen gwamna kai tsaye. Jam'iyyar da ta fi yawan 'yan majalisa ita ke kafa gwamnati, jagoranta ya zama babban minista, kamar yadda ake naɗa firimiya a Najeriya zamanin Sardauna.

Ƙarfin ƙawancen jam'iyyunsu, wanda jam'iyyar CPI(M) ke jagoranta, a ƙauye yake. Bayan Jyoti Basu ya hau mulki a 1977, gwamnatinsa ta shiga rajistar manoman da ke noma gonakin masu ƙasa a raba amfani. Wanda aka rubuta sunansa, mai gona ba ya da ikon korarsa yadda ya ga dama, kuma doka ta fayyace kasonsa. Sama da mutum miliyan ɗaya suka samu wannan kariya. An raba wa marasa gona filaye, aka kuma farfaɗo da zaɓen majalisun ƙauyuka a 1978. Talakan da aka yi wa haka ba ya mantawa da wuri.

Sai dai noma bai iya ɗaukar kowa ba. Masana'antu sun yi ta barin Kolkata, babban birnin jihar, matasa masu takardu suna zaman kashe wando. Buddhadeb Bhattacharjee, wanda ya gaji Basu a 2000, ya ƙudiri aniyar dawo da masu jari. A zaɓen 2006 ƙawancensa ya kwashe kujera 235, shi kuwa ya ɗauka an ba shi wuƙa da nama ke nan.

A shekarar ce gwamnati ta karɓe kusan eka 1,000 na ƙasa mai albarka a Singur don kamfanin Tata ya gina masana'antar ƙaramar motar nan, Nano. Dokar da aka yi amfani da ita wajen karɓe gonakin ta Turawan mulkin mallaka ce, ta 1894. Abin ɗaure kai: 'yan kwaminisanci riƙe da dokar Ingilishi suna tayar da manoma saboda attajiri. Wasu sun karɓi diyya, wasu suka ƙi. Mamata Banerjee, wadda ta fice daga jam'iyyar Congress ta kafa Trinamool a 1998, kuma ta sha kaye mummuna a zaɓen da ya gabata, ta ga ƙofa a buɗe. Ta yi yajin cin abinci na sama da mako uku a tsakiyar Kolkata a watan Disamba.

Abin da ya faru a yankin Nandigram na jihar ya fi muni. Labarin za a karɓe filaye don masana'antar sinadarai ya sa mutanen yankin suka haƙe hanyoyi, suka hana jami'ai shiga. Ranar 14 ga Maris 2007 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 14 suka mutu. Marubuta da 'yan fim da suka daɗe tare da gwamnatin suka fito titi suna zanga-zanga. Musulmi suna da yawa a Nandigram, kuma su ne fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar. Dama rahoton kwamitin Sachar na 2006 kan halin Musulmin Indiya ya riga ya nuna yadda aka bar su a baya wajen aikin gwamnati, a ƙarƙashin jam'iyyar da suka daɗe suna zaɓa.

A Oktoba 2008 Tata ya tattara ya koma Sanand a jihar Gujarat, inda Narendra Modi ke mulki a lokacin. Gwamnatin Bengal ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

An yi zaɓen 2011 kashi shida, daga 18 ga Afrilu zuwa 10 ga Mayu, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na masu rajista suka fito. Ranar 13 ga Mayu aka ƙirga. Trinamool ita kaɗai ta samu kujera 184, abokiyar ƙawancenta Congress ta samu 42, ƙawancen masu mulki ya tsira da 62. Buddhadeb kansa ya faɗi a mazaɓarsa ta Jadavpur, kuma wanda ya kayar da shi, Manish Gupta, tsohon babban sakataren gwamnatin jihar ne da ya yi aiki a ƙarƙashin 'yan kwaminisancin. Duk da haka yawan kujerun yana ɓoye wani abu: wajen kashi 40 cikin 100 na masu zaɓe ba su bar 'yan kwaminisanci ba. Tsarin wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke kujera ne ya mayar da tazarar ta zama ambaliya.

Ranar 20 ga Mayu aka rantsar da Mamata, mace ta farko da ta riƙe jihar. Zaman farko na majalisar ministocinta ya yanke a mayar da eka 400 ga manoman Singur da suka ƙi diyya. Tata ya garzaya kotu, shari'a ta ja har 31 ga Agusta 2016, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce karɓe filin tun farko ya saɓa doka, a mayar wa masu shi. Yawancin gonakin sun sha kankare da ƙarafa, manoma da dama sun yi ta kukan ba sa nomuwa kamar da.

Mamata ta sake cin zaɓe a 2016 da 2021. A na 2021 CPI(M) ko kujera ɗaya ba ta samu ba, jam'iyyar BJP ce ta zama babbar 'yar hamayya a majalisar.